Abin da ƙwaya ta rufe mana ido a kan Autanmu

Na daɗe ina son rubuta wannan maganar amma sai da na nemi izininsa tukuna, ya ce Yaya ki rubuta, kawai kar ki sa sunana.

Autanmu direba ne, kaya yake ɗauka. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tare su a hanyar Birnin Gwari, aka harbe yaron motarsa a gabansa, shi kuma ya kwana a daji kafin Allah ya fito da shi. Da ya dawo gida ya cika da 'yan jaje, kowa ka gode wa Allah, ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Mu ma haka muka ce masa, kuma da zuciya ɗaya muka faɗa. Bayan sati ɗaya kowa ya koma harkarsa, shi kuma bacci ya ƙaurace masa, in salansar babur ta yi ƙara sai ka ga ya zabura gumi na keto masa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Wani abokinsa a tasha ne ya fara ba shi diazepam wai don ya samu bacci, da safe kuma tramol don ya iya riƙe sitiyari. Cikin 'yan watanni ya koma wani mutum daban, faɗa ba dalili, matarsa ta yi yaji sau biyu, Umma kullum kuka tana cewa an yi wa ɗanta asiri. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, kawunmu har ya kawo shawarar a kai shi gidan mari, ni kuwa na ce wallahi sai dai bayan raina, don ban manta da 2019 ba lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Duk hankalinmu na kan ƙwayar, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi me yake gani in ya rufe ido.

Na ce mu je asibiti ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Kun dai san mutanenmu, a Kano in aka ce an kai ka Dawanau shikenan an gama da kai, a Kaduna kuma Barnawa, alhali asibiti ne kamar kowanne, likitoci ne a ciki. Kuma fa matsalar ba ta gidanmu kaɗai ba ce, binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka sha ƙwaya a cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma ciwon da ke tura mutum ga kwalbar yana nan inda yake.

Wata ƙawata nas ce ta haɗa mu da wani masanin halayyar ɗan adam da ke ganin mutane ta waya, kuma yana jin Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne don Auta ba zai iya faɗin abin da ke cinsa da turanci ba. Ya yarda ne kawai saboda ba wanda zai gan shi a layin asibiti. Duk Talata bayan isha'i sai ya shiga motarsa ya ɗage gilas ya sa iyafis, kusan awa ɗaya ta WhatsApp. Akwai wahala kam, sabis ya ɗauke ana tsakiyar magana, data ta ƙare, ga kuɗin zama da ni nake biya daga albashina.

Abin da ya sa na yarda da mutumin shi ne tun zama na biyu ya ce masa waya kaɗai ba za ta isa ba, kar ya kuskura ya yanke diazepam lokaci ɗaya don yana iya jawo jijjiga, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Da haka ya lallaɓa shi har ya taka asibitin da ya rantse ba zai je ba. Daga baya ya sa matar ma ta shiga zama biyu, ashe ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka ya daina sonta ne shi ya sa yake kwana a falo, shi kuwa tsoro yake kar ya buge ta cikin mafarki.

Bai warke duka ba, ya taɓa komawa sau ɗaya bayan sallah. Ran nan da daddare ya kira ni, ya ce Yaya yau na je na gaida mahaifiyar yaron nan, tun da abin ya faru ban iya bin layinsu ba. Na ce me ta ce maka? Ya yi shiru, can ya ce ruwa ta kawo min, ta ce ya matarka.