Haƙorin autata

Daren jiya ba mu runtsa ba a gidanmu da ke ƙauye kusa da Ringim, domin autata mai shekara 4 ta kwana tana kuka dafe da kunci. Da asuba na haska bakinta da tocila, sai na ga turminta na ƙasa ya yi baƙin kogo. Laifina ne, na ɗauka haƙoran da za a yi famfararsu ba sa buƙatar kulawa, alhali turamen nan sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi. Kakarta kuwa kullum da alewa ƙulle a bakin zani. Daga yau zan riƙa goge mata safe da dare, da burushi mai laushi da man goge baki kamar ƙwayar wake, gobe kuma sai asibiti.