Yadda 'Yar Wayar Haɗi Ta Ƙona Min DAC

Har yau in na buɗe durowa na ga 'yar na'urar nan sai raina ya sosu. DAC ce ta aljihu, wato na'urar da ke mayar da kiɗan dijital sautin da abin kunne zai fitar, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, wani abokina ya taho min da ita daga Dubai. A ramin USB-C na wayar salula nake soka ta, kuma da ƙananan abin kunne ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Matsala ta fara ne da na samu babban abin kunne, Sennheiser HD 600, na hannu. Om 300 gare shi (om shi ne ma'aunin turjiya ga lantarki), don haka yana son ƙarfi. Ta ramin DAC ɗin mai milimita 3.5 sauti na fita amma ganga ba nauyi, kamar daga gidan maƙwabta ake kiɗan. Na sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai batir, saboda a Bauchi duk abin da ya dogara da wutar gida ya zama ado.

Nan na yi wautar. DAC ɗin tana da rami na biyu, na 4.4, wanda ya fi na 3.5 ƙarfi, amfilifayar kuwa 3.5 kaɗai take karɓa. Na ce ai wayar haɗi ce kawai. Na kai wa wani mai gyaran rediyo wajen kasuwar Wunti. Ya juya kan jak ɗin, ya ce, "Malam, wannan gaɓa biyar gare shi, ka tabbata?" Na ce ya liƙe kawai. Ya sa dalma ya haɗe.

Abin da ban gane ba a lokacin: a 4.4 kowane kunne yana da wayoyinsa biyu masu ɗauke da sauti, a 3.5 kuwa kowane kunne waya ɗaya ce tasa, ta biyun kunnuwan biyu suke tarayya a kanta. Haɗe waya ɗaya ta hagu da ɗaya ta dama wuri guda, kamar yadda wayar haɗin ta yi, gajeren haɗi ne tsagwaronsa, irin wanda ke ƙona na'ura. Minti kaɗan na'urar ta yi zafi kamar an ajiye ta a ranar Afrilu, kunnen hagu ya fara ƙaraf-ƙaraf, ya yi shiru.

Mutumin nan fa ya tambaye ni. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

DAC ɗin da na saya daga baya ta 3.5 nake haɗa ta, in ƙure ƙararta, in riƙa ragewa da ƙarawa daga amfilifaya. Haka ƙugi ya fi raguwa. Ƙarfin lantarki bolt 2 da take bayarwa ya ishi amfilifayar har da saura, ramin 4.4 ɗin kuwa na manne shi da salatif.