Abin da na yi kafin na miƙa tsohuwar wayata ga wanda ya saye ta ta intanet

Lokacin da na yanke shawarar sauya waya, hanya mafi sauƙi ita ce in kai tsohuwar wayata kasuwar Farm Centre a nan Kano in karɓi abin da dillalai suka taya. Na je, na ji tayinsu, kuma ban ga laifinsu ba, domin duk wanda ya sayi waya don ya sake sayarwa dole ne ya bar wa kansa wurin riba, ya kuma yi la'akari da matsalar da ka iya ɓullowa bayan mai ita ya tafi. Sai dai ratar da ke tsakanin tayinsu da farashin da na ga ana sa wa irin wayata a shafin saye da sayarwa na Jiji da kasuwar Facebook ta isa ta sa in nemi mai saye da kaina. A nan ne na fahimci cewa a irin wannan ciniki mutum biyu ne ke tsoron juna: ni ina tsoron a karɓe wayar ba a biya ni ba, shi kuma mai saye yana tsoron in sayar masa da ta sata, a garin da ƙwacen waya ya daɗe yana damun jama'a. Duk shirin da na yi, na yi shi ne don kada ɗayanmu ya dogara da fatar bakin ɗan'uwansa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne kwashe abin da ke cikin wayar, kuma na gama shi kafin in sa talla. Na juye hotuna da takardu zuwa kwamfuta, na tabbatar lambobin mutane suna cikin asusuna na Google, na adana hirarrakin WhatsApp sannan na buɗe shi a sabuwar wayar. Manhajojin banki ma sai da na ga kowacce tana aiki a sabuwar kafin na fita daga ta tsohuwar, saboda wasunsu suna ɗaure asusu da waya guda, kuma sauya ta yakan buƙaci lambar da za a turo a layi. Daga nan na zare layina da katin memori. Layin ya fi komai haɗari, domin ta kansa ne lambobin tabbatarwa na banki suke shigowa, da shi ake tura kuɗi ta gajerun lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba, kuma tun daga umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disambar 2020 ake haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa goge hotuna ɗaya bayan ɗaya ya wadatar, alhali bai wadatar ba. A shekarar 2014 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android guda 20 a kasuwar intanet ta eBay, waɗanda masu su suka goge kafin su sayar, ya kuma iya dawo da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. Wayoyin zamanin nan sun fi na wancan lokaci tsaro, saboda suna rikitar da bayanan da ke cikinsu ta yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗi, kuma idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani mabuɗin yana lalacewa tare da komai. Amma wanda wayarsa ta kwana biyu ya kamata ya duba sashen tsaro a saitinta, ya kunna wannan rikitarwar idan a kashe take, sannan ya goge. A ganina wannan ya fi zama wajibi ga magidanci, domin hotunan iyali da katin shaida da saƙonnin cikin gida amanar mutanen gidan ce gaba ɗaya.

Akwai tsarin da dole a bi wajen gogewar. Sai an cire asusun Google, da na kamfanin da ya ƙera wayar idan akwai, kafin a mayar da ita sabuwa. Tun daga Android 5.1 a shekarar 2015 aka sa wani kulli na hana ɓarayi cin moriyar waya, wanda kan nemi kalmar sirrin tsohon asusu idan an goge wayar alhali asusun yana kanta. IPhone ma tana da irinsa tun iOS 7 a 2013, kuma ba ya sakin waya sai mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud. Wanda ya tsallake wannan mataki zai wayi gari mai saye yana kiransa yana neman kalmar sirrinsa, ya rasa yadda zai yi, domin bayarwa haɗari ne, hanawa kuma zalunci ne ga wanda ya biya kuɗinsa. Bayan na goge tawa na kunna ta na bi matakan farko, na ga ba ta tambayi wani asusu ba, sannan na kashe.

A tallar na faɗi gaskiyar halin wayar: ƙarzuwar da ke gefenta, da raguwar ƙarfin batir, da cewa akwai kwali da rasit amma cajar ba ta asali ba ce. Ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, kuma ko ta fuskar dabara shi ne yake haifar da rigima bayan an rabu. Abin da na ɓoye kawai shi ne lambar IMEI da ke jikin kwalin, wato lambar shaida da kowace waya take da tata, da duk abin da zai nuna gidana a bayan hoton.

Saƙonni sun shigo da yawa, kuma masu mugun nufi ba su yi wuyar ganewa ba, saboda ba sa tayi. Mai saye na gaskiya yana tambayar batir, yana kushe ƙarzuwa, yana rage farashi har sai ka ce masa albarka. Wani kuwa ya amince da farashina nan take, ya ce ba ya gari amma zai turo yaronsa a adaidaita sahu ya karɓa, kuma kafin in amsa sai ga saƙon tes mai kama da alat na banki, tare da hoton rasit. Na buɗe manhajar bankina na ga ko kwabo bai ƙaru ba. Da na gaya masa, sai ya ce, "Haba Malam, ai matsalar sadarwa ce, zai shigo anjima, ka ba yaron kawai." Na ce masa idan ya shigo zan kira shi da kaina, kuma daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wani kuma ya ce zai turo mini lamba mai alƙaluma shida in karanta masa don ya tabbatar ni mutumin kirki ne. Wannan ita ce lambar da WhatsApp ke turowa idan ana ƙoƙarin buɗe asusunka a wata waya, kuma wanda ya karanta ta ya miƙa asusunsa ke nan.

Wanda ya saya daga ƙarshe wani matashi ne ma'aikaci, kuma mun haɗu da rana a shagon wani mai gyaran waya da na sani, ina tare da ƙanena. Na bar shi ya gwada duk abin da yake so: ya sa layinsa ya yi kira, ya gwada kyamara da lasifika da wurin caji, sannan ya danna *#06# lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito, muka gwada ta da ta kwali da ta rasit. Ya kuma tambaya ko wayar irin ta biya kaɗan-kaɗan ce, wadda ake kullewa daga nesa idan ba a gama biyan kuɗinta ba, rasit ɗin ya amsa masa.

Da ciniki ya faɗa sai ya ce wani yayansa ne zai turo kuɗin, ni kuma na roƙe shi da ya sa a tura masa, shi ya turo mini daga asusun da ke ɗauke da sunansa. Ya ɗan ɓata fuska, na ce masa, "Ɗan'uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Dalilina shi ne akwai damfarar da ake yi da mutum uku: ɗan damfara ya tallata wa wani kayan da ba shi da su, ya ba shi lambar asusunka ya biya, shi kuma ya karɓi wayarka ya ɓace. Wanda aka cuta zai kai ƙara, kuma asusun da kuɗinsa ya shiga, wato naka, shi za a fara bi. Matashin ya gane, ya turo da kansa, na jira har na ga kuɗin a cikin manhajar banki da sunan da ya dace da na katin shaidarsa.

Kafin mu rabu mun rubuta 'yar takarda kwafi biyu mai ɗauke da sunayenmu, da ranar, da samfurin wayar, da lambar IMEI, da farashi, muka sa hannu, mai shagon ya sa nasa a matsayin shaida. Shi takardar za ta kare shi idan aka tare shi aka ce ina ya samo wayar. Ni kuma ina buƙatarta ne saboda lambar IMEI ba ta sauyawa da sauyin mai waya, kuma kamfanonin sadarwa suna ganin layukan da aka sa a cikinta, don haka idan wata rana aka aikata laifi da ita bincike yana iya biyowa ta kan layina. Da na koma gida na sauke tallar, na shiga asusuna na Google na cire tsohuwar wayar daga jerin na'urorin da ke da izinin shiga, na kuma ajiye takardar tare da hoton rasit ɗin asali, tun da shi ainihin rasit ɗin na ba mai saye.