Ranar da Hajiya ta kayar da ni a muhawarar kuɗin yara

Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ya san ambulan mai ruwan ƙasa ba ta kawo gaisuwa. Tawa ta zo a ƙarshen 2023, na tarar da ita a bakin ƙofa da na dawo daga aikin dare. Ofishin haraji ne yake tuna mini cewa samuna na shekarar da ta wuce ya haura fam 50,000, kuma gidana na karɓar kuɗin yara, wato tallafin da gwamnati ke ba iyaye a kan kowane yaro, don haka in duba ko akwai abin da zan mayar. Na zauna a kicin da waya a hannu, ko takalmi ban cire ba. Yara uku, fam 50 da kwabo 70 a mako a wancan lokacin, wajen fam 2,636 a shekara. Dokar wancan lokacin ta ce duk fam 100 da ka ɗora a kan 50,000, ka mayar da kashi 1 cikin 100 na kuɗin. Ni kuwa obataim ya kai ni 56,000. Kashi 60 ke nan, fam 1,580 da 'yan kai, kuɗin da tuni suka zama takalman makaranta da madara.

Laifin nawa ne. Dokar tana nan tun 7 ga Janairun 2013, ni ne ban karanta ba. Amma sanin laifinka ne ba ya hana abu ya yi zafi, sai na riƙa yawo da maganar duk inda na je.

Muna da zama na Hausawan garin da nake, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, a wani zaure da muke haya. A ci masa, a yi sallah, sannan a yi muhawara. Wani dattijo ne ya kawo tsarin, tsohon malamin jami'a da kowa ke kira Baba, don yaranmu su ji ana gardama da Hausa ba da Turanci kaɗai ba. A zaman Janairu na dame shi da mita, sai ya ce, “Likita, tunda abin yana cin ka, wata mai zuwa kai za ka hau. A ba kowane yaro, ko a auna aljihun iyayensa tukuna?” Ya waiga ɓangaren mata ya nemi wadda za ta kare awon aljihu. Wata Hajiya mai aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta cika shekara biyu da zuwa ƙasar ba, ta ɗaga hannu. Ba zan ɓoye ba, a raina na ce an ba kura ajiyar nama.

Mako uku na yi ina shiri, kuma abin da na tono ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Asalin kuɗin nan wata 'yar majalisa ce, Eleanor Rathbone, ta shafe shekaru tana fafutuka a kansa har aka yi doka a 1945: sule 5 a mako ga kowane yaro in ban da na fari, ba tare da an tambayi uba nawa yake samu ba. Daftarin farko ya ce uba za a ba, ita ta kafe sai uwa, kuma ta yi nasara. Ta rasu a Janairun 1946, aka fara biya a Agustan shekarar, ba ta ga ko sule ɗaya ya shiga hannun wata ba. A 1975 wata minista, Barbara Castle, ta kawo dokar da ta haɗa har da ɗan fari, aka fara aiki da ita a 1977. Haka aka tafi, attajiri da mai shara kowa na karɓa, har Oktoban 2010 da ministan kuɗi George Osborne ya tsaya a taron jam'iyyarsa a Birmingham ya ce za a cire masu babban albashi. Aka yi ca a kansa, sai a kasafin 2012 ya sassauta zuwa tsarin da ya cije ni: a fara zaftarewa daga 50,000, a 60,000 ka mayar da duka.

Na gano ramukan tsarin ɗaya bayan ɗaya. A tsarin wancan lokacin, miji da mata kowa na ɗaukar 49,000, gida na samun 98,000, ba a taɓa musu ko kwabo. Gidan da mutum ɗaya ke aiki yana ɗaukar 60,000 kuwa ya rasa duka. Dalili shi ne tun 1990 Birtaniya take karɓar harajin miji daban na mata daban, don haka idon ofishin haraji mutum yake gani, ba ya ganin gida. Ga shi an bar iyakar a 50,000 shekara goma sha ɗaya, farashin komai na hawa, har malaman makaranta da manyan nas-nas suka faɗa ciki. Na kuma yi lissafin da na fi alfahari da shi. A farashin 2023, fam 24 ga babba da fam 15 da kwabo 90 ga kowane ƙane, mai yara uku da ya yi ƙarin aikin fam 100 zai ba da 40 haraji, 2 inshorar ƙasa (abin da ake cirewa a albashi don fansho da makamantansa), 29 mayar da kuɗin yara. Fam 29 ke rage masa. Wa zai bar barcinsa saboda wannan?

Har riwayar Sayyidina Umar na tanada, wadda muka sha ji a wa'azi: da farko sai an yaye yaro ake sa shi a rabon baitulmali, sai ya ji kukan jariri da dare, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi don ya shiga layi. Washegari ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa. Na ce shi ke nan, ga hujjar cewa duk sharaɗin da ka gindaya sai ya lanƙwasa halin mutane.

Ranar muhawara Baba ya ba kowa minti bakwai. Na cinye shida a kan lambobi. Da na ce “samuna ya kai fam 56,000”, wani saurayi a baya ya yi fito, zauren ya kwashe da dariya. A nan ne na ɗago kai na dubi waɗanda nake wa magana: direbobin tasi, masu gadi, ɗalibai, masu aikin kula da tsofaffi. Mafi yawansu ba sa ganin rabin wannan kuɗin. Na zo ina nuna targaɗe a gaban masu karaya. Riwayar Umar a guje na karanto ta, Baba yana nuna mini agogo.

Hajiya ba ta zo da takarda ba. Ta buɗe jaka ta fito da katin izinin zamanta, ta juya bayansa. “Likita, ka ce kowane yaro. A nan an rubuta ba ni da haƙƙi a kuɗin gwamnati. Yarana huɗu, suna aji ɗaya da naka, ba a ba su ko kwabo. Amma duk wata sai an cire haraji a albashina kafin ya iso ni. Ni da nake ɗaga tsofaffi daga gado tun asuba, a cire nawa a ba ka kuɗin madara?” Ta ce ko zakka ba kowa ake ba ba, aji takwas Allah ya lissafa a Suratut Tauba, kuma Likita ba ya ciki. Aka sake dariya. Sannan ta koma gida Najeriya: tallafin man fetur ai na kowa ne kafin a cire shi a Mayun 2023, amma mai mota biyar da janareta shi ya fi shan romonsa, ba mai tafiya gona a ƙafa ba.

Minti huɗu ta yi ta zauna. A martanina na ce matsalar awo ita ce mai riƙe da mudu, na tambaya wa ya taɓa ganin sunan kakarsa a rajistar talakawan da ake cewa za a tura wa kuɗi a gida. Maganar ta ɗan samu shiga, amma an riga an yi mini illa. Ni kaina sai da na samu izinin zama na dindindin gidana ya fara karɓar kuɗin nan, kuma na manta da wannan sarai, na tsaya ina cewa “kowa” alhali rabin zauren ba sa cikin kowan.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ɓangarena ba daga bakina ta fito ba. Da aka buɗe fili, sai na ji muryar uwargida daga ɓangaren mata: “Baba, a ba ni minti ɗaya.” Gabana ya faɗi, don na san abin da za ta faɗa, kuma kunya ce ta hana ni kawo shi. Ranar da wasiƙar nan ta zo, cewa na yi a soke karɓar kuɗin gaba ɗaya a huta. Ita ta ƙi. Ta gaya wa zauren cewa tun da ta bar aiki don renon yara, wannan ne kaɗai kuɗin da ke shigowa asusunta da sunanta, duk bayan mako huɗu, ba sai ta ce “baban yara, a ba ni” ba. Ta ce ta je ta bincika: muddin sunanta na kan fom ɗin kuma akwai yaro ƙasa da shekara 12, ana rubuta mata shekarun inshorar ƙasa kamar tana aiki, kuma sai da shekara 35 ake samun cikakken fansho. Wanda ma ba ya son kuɗin zai iya cike fom ya ce kada a biya shi, shekarun su ci gaba da hawa. Amma wanda bai cike ba sam, in ya farga daga baya, wata uku kacal ake komawa baya. “Kuɗin a hannuna yake shiga, takardar bashi kuma shi ake aika wa. Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama da miji ba.”

Abin da Rathbone ta yi wa faɗa ke nan shekara tamanin da suka wuce. Na karanta shi a matsayin tarihi, na sa shi a gabatarwa don ado, ban lura yana zaune a gidana ba.

Wani direban tasi mai yara biyar ya tashi ya tambaye ni ra'ayina kan dokar da ta fara aiki a 2017, wadda ta hana ƙarin tallafin masu ƙaramin ƙarfi daga ɗa na uku. Wannan tallafi ne daban da kuɗin yara, kuma a lokacin dokarsa ce take cin irin gidajenmu masu yawan haihuwa. Mako uku ina karatu, ban buɗe shafinsa ba, saboda bai taɓa aljihuna ba. Na ce masa ban shirya a kansa ba. Aka ɗaga hannu, Hajiya ta cinye nesa ba kusa ba. Uwargida dai ni ta zaɓa, ko da yake a mota ta ce don zaman lafiya ne.

Ra'ayina bai juya gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin ya fi sauƙi a ba kowace uwa, a karɓo daga masu hali ta harajin da aka saba, maimakon a kafa wani awo mai cike da fom da tara da haɗa miji da mata gardama. Amma da za a sake ba ni minti bakwai ɗin, da asusun uwargida zan fara, in ajiye albashina a gida, kuma in amsa tambayar katin Hajiya tun kafin ta buɗe jaka.

Ba a yi mako biyu ba, ranar 6 ga Maris 2024, ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya karanta kasafin kuɗi ya ɗaga iyakar zuwa 60,000, zaftarewar kuma ta miƙe har 80,000, kashi 1 a kan kowane fam 200. Ya ce nan gaba za a koma auna gida maimakon mutum, amma wadda ta gaje shi, Rachel Reeves, ta ajiye wannan shirin a Oktoban shekarar. Ni dai na fita daga tarkon. Da yammacin ranar kasafin saƙon Hajiya ya shigo WhatsApp ɗin ƙungiya, inda kowa zai gani: “Likita, barka, an ji kukanka. Namu fa?” Baba ya sa batun biza da kuɗin gwamnati a zaman Afrilu, ya kuma rubuta sunana a ɓangarenta.