Ƙullin yajin da ke cikin jakar Hajiya

Ɗan farina ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekararsa bakwai yanzu, kuma tun yana da wata goma sha huɗu muka san jininsa bai haɗu da gyaɗa ba. Kunun gyaɗa na ba shi, cokali biyu kacal, kafin in ajiye kofin fuskarsa ta haye, idanu sun shige ciki, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Da likitocin alaji suka gwada shi, sai suka ƙara mana da riɗi. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san girman abin. Ƙuli-ƙuli, tsire, kilishi, miyar taushe, kwaɗon zogale, kantu, kusan duk abin da muke marmari daga gida sai ka tarar da ɗaya daga cikin biyun nan a ciki. Tun daga ranar na raba ɗakin girkina da su baki ɗaya, kuma zaman da muke yi a Amurka ya sa abin ya zo da sauƙi, tunda ba maƙwabciyar da za ta aiko da kwano.

Shekarar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Kano, sai Abban yara ya ce tunda an yi hutun makaranta a watan Yuni, mu kai ta ita da yara Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Fulorida. Wurin an buɗe shi tun 1971, kuma filayen shaƙatawa huɗu ne manya: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Da safe ake shiga, sai dare ake fita, ke nan dole yaro ya ci abinci a ciki sau biyu ko uku kowace rana, na tsawon kwana biyar. Yara suna ta murna, ni kuwa lissafin da nake yi ke nan: cin abinci sau goma sha biyar daga hannun mutanen da ban sani ba.

Na yi shiri iya ƙarfina. Ana buɗe kama wuri a gidajen cin abincinsu kwana 60 kafin ranar zuwa, ranar da aka buɗe kuwa bayan sallar asuba ina kan waya, kuma a kowane wuri na rubuta gyaɗa da riɗi a gurbin da suka tanada. Na buga ƙananan katuna da Turanci masu ɗauke da sunan abubuwan biyu da bayanin cewa ko ɓurɓushi zai iya toshe masa numfashi. A nan ma akwai tarko ga ɗan Najeriya. Mu a makaranta "groundnut" da "beniseed" aka koya mana, Ba'amurke kuwa "peanut" da "sesame" ya sani, idan ka faɗi namu sai ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. Na sa Abban yara ya yi ta maimaita nasu har suka zauna masa a baki.

Dokar Amurka tana taimakawa, amma tana da iyaka. Tun 2006 aka wajabta wa kamfanoni bayyana abubuwa takwas a jikin abincin da aka rufe a leda ko kwali: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama da waken suya. Riɗi ya zama na tara daga ranar 1 ga Janairun 2023. Sai dai dokar ba ta hau kan farantin da aka zubo maka a gidan abinci ba, kuma rubutun nan na "wataƙila ya taɓa gyaɗa" ganin dama ne, wani kamfani ya sa, wani ya bari. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bayan shigar riɗi cikin dokar, wasu masu gasa burodi sun ga ya fi musu sauƙi su zuba garin riɗi kaɗan da gangan su rubuta a jiki, a kan su tsabtace injinansu. Burodin da yarona ya ci lafiya bara, bana ya zama haramiyarsa. Saboda haka ko abin da na saba saya, sai na sake karantawa.

Ranar farko da muka zauna cin abincin rana, na miƙa katin, ba a jima ba sai ga mai dafa abincin da kansa ya fito da farar rigarsa. Ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya tambaye shi me yake sha'awa, sannan ya juyo gare ni. Na jero masa tambayoyina: man da ake soya dankalin, ana soya wani abu dabam a cikinsa? Burodin daga ina yake, zan iya ganin ledarsa? Wuƙa da faranti ɗaya ake amfani da su? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, wanda bai tabbatar ba ya koma ciki ya duba. Ya kuma gaya mini gaskiya, cewa za su yi iya yinsu amma ba za su ɗauki alkawarin cewa ɗakin girkin babu ɓurɓushin komai ba. Wannan maganar ta fi kwantar mini da hankali a kan wanda zai ce "ba komai, ba komai" bai ko duba ba. Abincin yaron ya zo shi kaɗai a tire dabam, da ɗan tsinke mai alama a soke a kai. Na riƙe wannan a matsayin ƙa'ida: farantin da ya zo babu alama, ko an ce nasa ne, sai an koma an tambaya.

Wuraren da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa mun ƙaurace musu, domin cokalin wannan kwano yana ƙarewa a wancan. A EPCOT, inda aka yi rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki, mun bi ta ɓangaren Maroko da Japan da Sin mun sha kallo, amma yaron bai ci komai a nan ba, saboda girkinsu da riɗi kamar namu ne da gyaɗa. An yarda mutum ya shiga da abincinsa daga waje matuƙar ba a cikin kwalba ba, don haka kullum akwai shinkafa da kaza da na dafa a masauki cikin jakata.

Allurar gaggawa kuwa, EpiPen, guda biyu nake ɗauka, ta yara mai miligiram 0.15, tunda nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Maganin da ke ciki, adirenalin, ba ya son zafi kuma ba a sa shi a firji, wajen digiri 20 zuwa 25 yake so, ga shi ranar Fulorida a watan Yuni tana dukan mutum kamar ta Kano a watan Afrilu, har da gumi mai danƙo. Na sayi 'yar jaka mai hana zafi shiga na ɗaura a ƙugu. Ban taɓa barinta a mota ko a keken tura ƙanwarsa ba, ko lilo za mu hau tana jikina. Ina kuma goge tebur da hannuwansa da tsumma mai jiƙe, domin man nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake shafawa a hannu ba ya cire gyaɗa, sai sabulu da ruwa ko gogewa.

Kwana uku muka yi lafiya lau, har na fara sakin jiki.

Hajiya dai tun da ta zo abincin Turawa bai karɓe ta ba, komai lami take jin sa. A masauki na ga wani ƙullin leda a jakarta, na san yaji ne, na kuma ce a raina na barkono da citta ne. Na so in tambaya, kunya ta hana ni. Yaya zan ce wa uwar mijina ta buɗe mini jakarta? Ga shi ta san lalurar jikanta, ta bar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Kano saboda shi, ita da kanta ta faɗa.

Rana ta huɗu da azahar muka zauna a wani tebur a inuwa. An kawo na yaron da alamarsa, na duba, ya fara ci, sai na ɗauki ƙanwarsa na kai ta banɗaki. Abbansu yana layin karɓo ruwa. Ban fi minti goma ba. Da na dawo na tarar da shi yana sosa wuya, yana wani ɗan tari busasshe.

"Umma, harshena yana ƙaiƙayi," ya ce, muryar ta dushe kamar ta mai mura.

Na kalli teburin. Farantinsa wayam, na Hajiya kuwa dankalin ya yi ja da yaji, ga ƙullin a buɗe a gefe.

"Hajiya, ya ci naku?"

"Guda uku na ba angon nawa, nasa ya ƙare. Ai yaji ne, 'yar nan, ba gyaɗa ba."

Na ɗebo yajin na shinshina. Yajin tsire ne, ƙamshin ƙuli ya daki hancina. Kafin in ɗago yaron ya yi amai, leɓensa ya fara kumbura. Abbansu ya iso yana laluben ruwan maganin ƙaiƙayi a jaka, na ce masa a'a. Likitarsa ta sha nanata mini cewa wannan maganin fata kawai yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaro, kuma idan abin ya taɓa numfashi, ko ya kama sassan jiki biyu kamar fata da ciki, allura ake yi nan take, jinkiri shi ne yake kisa. Shekara shida ina yawo da allurar nan ban taɓa soka ta ba. Hannuna yana rawa na zare shuɗin murfin, Abbansu ya riƙe ƙafar, na danna bakin mai ruwan lemo a gefen cinyarsa ta waje, ta kan wando, har na ji ƙas, na ƙirga uku a hankali. Ya ƙwalla ƙara, kuma ban taɓa jin daɗin kukansa kamar na ranar ba, domin mai kuka yana numfashi.

Abbansu ya kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, wata ma'aikaciyar wurin ita ma ta kira a rediyonta, ta kuma buɗe mana fili daga masu kallo. Na duba agogo na rubuta lokacin a bayan hannuna da biro, saboda idan minti biyar suka wuce bai samu sauƙi ba, ta biyu zan yi. Ya so ya miƙe, na hana shi, tunda tashi tsaye a wannan hali yana iya sa jini ya faɗi. Na kwantar da shi ta gefe saboda aman. Hajiya tana tsaye, hannu a ka, ba abin da take faɗa sai innalillahi. Ba a kai ga ta biyun ba, kafin ma'aikatan agaji su iso muryarsa ta fara dawowa. Duk da haka asibiti aka wuce da mu, muka yi awa shida ana lura da shi, domin abin yakan lafa ya sake tasowa bayan wasu sa'o'i.

Da dare na samu Hajiya a ɗakinta zaune a kan sallaya, ba ta ci komai ba. Ta ce a sauya mata tikiti ta koma gida, ita ba za ta iya haɗa ido da ɗanta ba. Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, laifin nawa ne. Na ga ƙullin tun ranar da muka sauka, ban tambaye ku ba." Haka abin yake kuwa. Na tsare Turawa masu dafa abinci da tambayoyi har kan man suya, na karanta ledar burodi layi-layi, amma na kasa yi wa wadda muke kwana gida ɗaya tambaya guda. Kuma duk shekarun nan "ba ya cin gyaɗa" kawai nake ce wa dangi. Ban taɓa zama na lissafa musu inda gyaɗa take ɓuya ba. A wurin Hajiya gyaɗa ita ce wadda ake ɓarewa, ko ƙuli, ko mai. Yaji kuwa yaji ne, wata maƙwabciyarta ce ta daka mata na guzuri.

Washegari ba mu je ko'ina ba. Allura ɗaya ta rage, don haka sai da Abbansu ya kai takardar likitan asibitin kantin magani ya karɓo sabbi muka yi maganar komawa. Bayan karin kumallo Hajiya ta kira ni, ta juye jakarta gaba ɗaya a kan gado: goro, dabino, tazargade, man zafi, carbi, da wata ledar alewa da ta manta da ita a aljihun ciki, wadda da muka buɗe muka ga kantun riɗi ce. Ita da kanta ta ƙulle ta da yajin ta ba ɗanta ya fitar. Sannan ta ce in koya mata allurar. A cikin kwalin akwai ta gwaji wadda ba ta da tsini, na ba ta, ta yi ta dannawa a cinyarta tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har sau biyar, yaron yana gyara mata riƙo.

Rana ta ƙarshe muka koma Magic Kingdom. Da la'asar zafi ya ishe mu, muka tsaya a rumfar da ake sayar da Dole Whip, wani daskararren abarba mai laushi da yaron yake ta nacin sha tun ranar farko. Hajiya ta ce in ba ta kati ɗaya. Ba ta jin Turanci, amma ta matsa gaban kantar ta miƙa wa yarinyar da ke sayarwa, ta nuna jikanta da yatsa. Yarinyar ta karanta, ta kira shugabarta, aka kawo takardar abubuwan da ke ciki na duba. Da aka miƙo kofin Hajiya ce ta karɓa, ta riƙe shi sama inda hannun yaron ba zai kai ba, yana narkewa yana bin yatsunta, ta juyo ta kalle ni.

"'Yar nan, in ba shi?"

Na ce, "Ku ba shi, Hajiya."