Yadda na zana bangon littafin wasan tebur, da abin da aikin ya koya mini

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan wasa ba, mutane ne kaɗan ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labari, ɗaya ya zama jagora mai bayyana duniyar da abin da ke faruwa a cikinta. Idan ɗan wasa ya ce zai tsallake rami ko zai yi wa mai gadi wayo, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata mai fuska shida wata har ashirin, ita za ta raba gardama. Dokokin duka a littafi suke, kuma tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, littafin shi ne hajar. Saboda haka nauyin da ke kan bangonsa ba ƙarami ba ne. Sau da yawa shi kaɗai ne hoton da duk 'yan teburin suka gani tare, daga shi kowa zai fara gina duniyar a zuciyarsa.

Zane sana'ata ce, wasan kuma na daɗe ina yinsa, shi ya sa da wani abokina ya gama rubuta ƙaramin wasansa ya ɗora mini aikin bango. Labarin wani birni ne da ruwa ya cinye. 'Yan wasa masu kwale-kwale ne, suna shiga gidajen da suka nutse su ɗebo kayan da mutane suka gudu suka bari. Ya zo mini da abin da yake so a shirye: ƙaton macijin ruwa ya daga kai sama da rufin gidaje, jarumai a ƙasa sun zare takubba. Na ce masa, aboki, bari na zauna a teburinka tukuna in ga wasan da idona.

Wannan zaman shi ne ginshiƙin duk abin da na yi daga baya. Na je da takarda da fensir, ban yi wasa ba, kallo kawai nake ina rubuta abin da 'yan wasa ke yi. Har aka tashi babu wanda ya zare takobi. Abin da ya cinye daren shi ne man fitila. Dokar wasan ta sa mai yana raguwa duk ɗakin da aka shiga, sai gardama ta kaure: a ƙara ɗaki ɗaya ko a juya? Wa zai nutsa, wa zai riƙe igiya? Wata 'yar wasa ta rantse ba za ta saki igiyar ba ko kwale-kwalen zai kife, duk teburin ya yi tsit ana jiran ƙwaya ta tsaya. Macijin yana cikin littafin, gaskiya ne, amma a shafi ɗaya can baya, kuma yawancin masu wasa ba za su taɓa haɗuwa da shi ba.

Na faɗa wa abokina cewa idan muka sa macijin da takubba, masu son faɗa za su saya, su zauna, su tarar da lissafin mai da jan igiya, su ji an yaudare su. Waɗanda kuwa wasan zai shiga ransu za su wuce bangon ba su ɗauka ba, don ya yi kama da wasu ɗari da suka riga suka gani. A ganina wannan shi ne mafi munin aibin bango, ya fi zane mara kyau muni nesa ba kusa ba. Hannun da bai ƙware ba ana yafe masa in ya faɗi gaskiya game da wasan. Zanen da ya yi alkawarin abin da babu a ciki kuwa, ko ya kai ina a kyau, ya cuci marubucin da mai sayen baki ɗaya.

Don in gamsar da shi sai na ɗauko bangon da na fi girmamawa, wanda David Trampier ya zana wa littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons a 1978. Ƙaton gunki ne zaune riƙe da kaskon wuta, idanunsa manyan duwatsu masu daraja. Abin da ya sa ya zauna a zukatan mutane shi ne lokacin da mai zanen ya zaɓa. An riga an gama faɗan. Gawarwakin halittu masu siffar ƙadangare suna yashe, wani yana goge takobinsa, wasu sun haɗa kai suna duba taswira, biyu sun hau kan gunkin suna ƙoƙarin ɓanɓaro dutsen idonsa. Kowa da aikinsa, babu mai kallonka. Wanda ya taɓa zama a tebur zai gane kowane ɗayansu, domin haka ƙungiya take yi: wani yana kwaɗayin dukiya, wani yana tunanin hanya, wani yana fargabar abin da zai biyo baya. Kuma hoton ya bar tambaya a buɗe, me zai faru idan dutsen ya fita? Littafin bai ba ka amsa ba, sai ka zauna ka yi wasan.

Ka kwatanta wannan da bangon da ya cika kasuwa, inda jarumai suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna zuba maka ido, kowa ya ɗaga makaminsa, iska tana kaɗa mayafi. Ba sa yin komai, ba sa cikin wani hali, ba ka san inda suke ba. Irin wannan yana gaya wa mai kallo cewa jaruman an riga an yi su, shi ɗan kallo ne, alhali duk daɗin wasan shi ne kai za ka ƙirƙiri naka. Ina ganin dalilin da ya sa bangon jan akwatin Dungeons & Dragons na 1983, zanen Larry Elmore, ya yi tasiri ke nan. Mayaƙin ya ba ka baya yana fuskantar jan dodo mai fuka-fuki a kan tarin dukiya, ba ka ganin fuskarsa, don haka kowane yaro yana iya sa tasa. Akwai kuma tsohuwar ɗabi'ar zana mace da sulken da bai rufe komai ba tana maƙale da ƙafar jarumi. Na ga 'yan wasa mata sun ajiye littafi saboda wannan kawai, kuma ban ga laifinsu ba, don bangon ya riga ya gaya musu matsayin da aka tanadar musu.

Ba dole ba ne ma a zana mutane. Bangon wasan Traveller na 1977 baƙi ne wuluk, da jan layi da 'yan kalmomin kiran neman agaji daga wani jirgin fatake a sararin samaniya. Na wasan Vampire: The Masquerade na 1991 jan fure ne guda a kan koren dutse mai sheƙi. Dukansu sun faɗi yanayin wasansu daidai. Na yi tunanin bin wannan hanya, amma wasan abokina sabo ne, babu wanda ya san shi, na ga yana bukatar a nuna aikin da hannu zai yi.

Sai na koma kan ƙananan zane-zanen gwaji, kowanne bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari da toka-toka kawai. Na hana kaina launi da gangan, domin idan tsarin haske da duhu bai tsaya ba, babu launin da zai cece shi. Wanda ya tsira shi ne wannan: kwale-kwale a cikin falon wani gida da ruwa ya kai rabin bango, mace ta dafe ƙafa a gefen jirgin tana jan igiyar da ta miƙe ta shige ruwa, namiji ya ɗaga fitila yana duba sauran man, na uku ya juya yana kallon ƙofar da suka shigo. Wanda ya nutsa ba a ganinsa, sai igiya da kumfa. Haske ɗaya ne a hoton, na fitilar, kuma na sa igiyar ta ja ido daga hasken zuwa cikin duhun ruwa.

Gwajin da ya fi yi mini amfani mai sauƙi ne. Na nuna wa mutanen da ba su san wasan ba, ban tambaye su ko ya yi kyau ba, don kowa zai ce ya yi. Na ce, in ka sayi wannan, me kake jin za ka riƙa yi a cikinsa? Da amsoshin suka fara zuwa da nutso, da neman kaya, da tsoron kada fitila ta mutu, abokina ya daina maganar macijin. Wani ya ce yana jin akwai abin da ke riƙe da ɗaya bakin igiyar, wanda ya nuna tsoron da marubucin ke so ya shiga hoton ba tare da an zana shi ba.

Gwaji na biyu shi ne ƙanƙanta hoton. Masu saye da yawa a yau a shafukan intanet irin su DriveThruRPG suke fara ganin littafi, a cikin jerin wasu da yawa, bai fi girman babban yatsa ba a fuskar waya. A wannan girma duk ƙawar da ka ɓata dare kana yi tana narkewa. Abin da ke saura shi ne siffa ɗaya, launi ɗaya mai rinjaye, da suna idan yana karantuwa. Bangon wasan Mörk Borg, wanda ya fito daga Suwidin a 2020, rawaya ne mai kashe ido da baƙi, ko daga nesa ba ka ɓata shi. Nawa da na ƙanƙanta sai mutum na uku ya haɗe da bangon ɗakin, dole na matsar da shi inda hasken fitila ke dukan kafaɗarsa. Sunan wasan kuma tun a zanen gwaji na ware masa saman hoton, inda rufin ɗakin yake da duhu babu tarkace, domin na sha ganin bango mai kyau da aka manna wa suna a kan fuskar mutum saboda ba a bar masa wuri ba.

Maɗaba'a tana da nata sharuɗɗan. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, takarda kuwa da tawada huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, don haka hoto mai duhu yakan fito ya fi yadda ka gan shi duhu. Bugun gwaji na farko ya haɗiye kumfar ruwan gaba ɗaya, sai da na ɗaga hasken wuraren duhu fiye da yadda idona ke so a kwamfuta. Ana kuma barin rarar kamar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, a kiyaye kada hannu ko harafi ya kusanci baki. Kaurin gadon bayan littafi ya dogara da yawan shafuka da irin takarda, saboda haka ban rufe aikin ba sai da abokina ya tabbatar ba zai ƙara shafi ba. Na miƙa masa hoton da sunan a raba, kowanne a fayil ɗinsa, don in ya tashi yin talla ko fassara zuwa wani harshe ba sai an sake zane ba, kuma muka rubuta a takarda inda zai iya amfani da hoton da inda sai ya sake neman izinina.