Laraba, jajibirin kasuwar Maigatari

Yau ban fita gona da sassafe ba. Riɗin da muka yanka makon jiya yana nan a jingine dami-dami yana shan rana, sai nan da kwana uku ko huɗu za mu shimfiɗa tamfol mu kaɗe shi. Da na dawo daga masallaci na sha koko, sai na ɗauko kwamfuta na zauna a zaure. Batirin sola ya kwana da ɗan caji, na san zai kai ni hantsi kafin rana ta ɗaga ta ƙara masa.

Tambayar Baffa ta daren jiya ce ta zaunar da ni. Yana so ya yanke shawara tun yanzu, gonar kwari baɗi riɗi za a sake zuba mata ko a mayar da ita ta zoɓo. Ya ce da ni, "Kai da kullum kana danne-danne a waya kana cewa rubutawa kake, duba mana. Bara yaushe muka yi shuka a can, kuma buhu nawa muka ɗauka?" Na ce masa to, sai da safe. Na kwana da abin a raina, domin na san na rubuta, amma inda na rubuta ɗin ne aiki.

Tun daminar 2022 nake ajiye bayanan gona a Obsidian, wata manhajar ajiye rubutu. Ranar da aka yi ruwan shuka, ranar noman fari, ranar zuba taki, yaushe tsutsa ta faɗa wa wake, wa muka ɗauka ƙwadago. Yanzu sun haura fayil ɗari shida. Abin da ya sa na riƙe wannan manhaja shi ne kowane rubutu fayil ne na zallar haruffa, a tsarin Markdown da John Gruber ya fito da shi a 2004, kuma duka suna zaune a folda ɗaya cikin na'urata. Ko babu sabis ina buɗewa, ko manhajar ta ɓace gobe rubutuna yana nan. A gona da waya nake rubutawa, in na dawo gida in jona wayar in kwashe zuwa kwamfuta.

Na jima ina karanta yadda mutane ke haɗa mataimakin ƙirƙirarriyar basira da irin wannan rumbu nasu. Wasu suna bi ta MCP, ƙa'idar da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 don irin waɗannan mataimaka su riƙa magana da wasu manhajoji. Na duba na ga ni ban buƙaci wannan zagayen ba. Tunda fayilolina rubutu ne tsura, ya isa in girka mataimakin da ke aiki a baƙin allon umarni, in buɗe shi a cikin foldar, shi kuma ya yi amfani da tsofaffin kayan aikin da ke cikin Linux, tsarin da kwamfutata ke aiki da shi: ls ya ga sunayen fayiloli, cat ya karanta, grep ya lalubo kalma. Wannan grep ɗin tun shekarun 1970 ake aiki da shi, ya girmi jiharmu ta Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 nesa ba kusa ba.

Girkawar ta ci min data da lokaci. Sau biyu sabis yana ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, dole na naɗe tabarma na koma gindin dalbejiyar bakin firamare inda ya fi kamawa. Wajen ƙarfe goma ya gama.

Kafin in buɗe shi sai da na tsaya na yi tunani, kuma nan ne na fi daɗewa yau. Rumbun nan ba maganar gona kaɗai ke ciki ba. Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman garinmu, akwai folda guda da ke ɗauke da sunan duk wanda ya karɓi taki bashi zuwa kaka, da wanda ya biya, da wanda ya zo da daddare ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Akwai lissafin adashin su Inna da nake riƙe musu. Mataimakin nan ba a cikin kwamfutata ƙwaƙwalwarsa take ba. Duk fayil ɗin da ya karanta, abin da ke ciki yana bin intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin amsa ta dawo. Dattijon da ya rage murya ya ce min "ɗana, ka rufa min asiri zuwa bayan kasuwa" bai ba ni izinin tura sunansa ko'ina ba. Akwai hanyar da mutum zai sauke ƙaramin samfurin irin wannan mataimaki ya yi aiki da shi a na'urarsa ba tare da intanet ba, irin ta manhajar Ollama, amma tsohuwar kwamfutata mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 4 ba za ta ja abin kirki ba.

Don haka na buɗe sabuwar folda, na kwafo bayanan gona kaɗai da umarnin cp, na bi su da grep ina neman kalmar "bashi" da "adashi", na cire fayil goma sha ɗaya da na ga sunayen mutane sun shiga ciki. Sannan na sa git, manhajar da ke bin sawun sauye-sauyen fayiloli, ya ɗauki hoton foldar yadda take, domin in an taɓa wani abu in iya mayar da shi. Sai na buɗe mataimakin a nan, na bar shi a tsarin da ba zai gudanar da kowane umarni ba sai ya nuna min na amince.

Da Hausa na rubuta masa. Na ce ya nemo duk inda na yi maganar riɗi a gonar kwari a 2024. Ya nuna umarnin da zai bayar, na amince, nan take ya dawo da fayil huɗu. Huɗu kacal! Babu ranar shuka, babu ranar yanka. Gabana ya faɗi, na ɗauka wajen kwasowa daga waya ne suka salwanta.

Na buɗe Obsidian na shiga watan Yuli da hannu, sai ga rubutun yana kallona: "mun shuka ridi a kwari". Ridi, da d mara lanƙwasa. A gona, hannu duk ƙasa, rana na duka, ba na tsayawa neman ɗ a allon waya. Wani wurin ma ri'di na rubuta, irin na da. Ni da na rubuta duk abu ɗaya nake gani, amma a wurin grep d daban, ɗ daban, kamar yadda alif da ba suke daban. Na faɗa wa mataimakin haka, ya sake tsara neman ya haɗa siffofin uku a umarni ɗaya, grep -rE "ri(d|ɗ|'d)i", sai ga fayil ashirin da bakwai sun zubo.

Daga nan ya kawo shawarar ya bi fayilolin duka ya gyara haruffan da sed, umarnin da ke musanya haruffa cikin rubutu, a huta gaba ɗaya. Na hana. Riɗi da zoɓo ba su da abokin rikici, na yarda ya gyara waɗannan biyun. Amma a rubutuna akwai "kasa" da nake nufin ƙasar gona, akwai kuma "kasa" ta na kasa zuwa, da ta kasa tumatir a kasuwa. Akwai "fada" ta mai gari, akwai ta faɗan da aka yi kan iyakar gona. In aka yi musu kuɗin goro rubutun shekara uku zai dagule. Waɗannan sai mai harshe ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ne zan yi, da rani in Allah ya kai mu.

Bayan azahar na sa ya tara abin da ya samu a fayil ɗaya, kowane layi da sunan fayil ɗin da ya ɗauko shi, don in iya bin sawu. Na bi guda goma na duba da idona, duk sun yi daidai da abin da na rubuta.

Da la'asar sakaliya na sami Baffa a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, na samo." Kafin in karanta ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Ni dai na san bayan cika-ciki da 'yan kwanaki muka yi shukar nan." Na duba allo: 19 ga Yuli, 2024. Ashurar shekarar, wato cika-ciki, a tsakiyar Yuli ta faɗo. Na ce masa haka ne, ya yi murmushi ya ci gaba da tufkarsa.

Na karanta masa sauran. A watan Agusta sau biyar na rubuta cewa ruwa ya kwanta a kwari, a ɗaya har na ce ganyen ya yi ɗorawa, saiwa ta fara ruɓewa. Shekarar ce ruwa ya yi ɓarna a wurare da yawa a Jigawa, kuma riɗi ba ya shiri da kwanciyar ruwa ko kaɗan. Buhu biyu da rabi muka ɗauka a kwari, gonar tudu mai yashi kuwa, da ba ta kai ta girma ba, ta ba da huɗu. A 2023 ma tudun ce a gaba, ko da yake tazarar ba ta kai haka ba. Wannan na 2023 ni kaina na manta da shi.

Baffa ya yi shiru, can ya ce, "To ai zoɓon ma ba son ruwa kwance yake ba. Dawa za a mayar mata." Sai ya tambaye ni ko na'urar ta san wa da wa ake bi bashin taki. Na ce a'a Baffa, wannan littafin ban nuna mata ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Kar ka nuna."

Yanzu an yi isha'i, fitila ɗaya ce ke ci don batirin ya yi ƙasa. Na rubuta shawarar Baffa a bayanin yau, wannan karon da ɗ ɗinta da ɓ ɗinta. Gobe da asuba za mu bi motar kasuwa zuwa Maigatari da buhu uku na zoɓon bara, kuma ƙanena ya ce in tuna masa da sayen sabon tamfol, tsohon ya yage ta gefe, riɗi zai zube.